Ƙwan Yana Ci, Mota Ta Ce Ya Mutu

Fitilar fakin ita ce 'yar ƙaramar wutar nan da ke laɓe a cikin gidan babbar fitilar gaba, wadda ke kamawa idan ka murɗa makunni mataki na farko. Ba ta haska hanya. Aikinta kawai ta sanar da mai tahowa cewa ga mota nan, ga kuma iya faɗinta. A motoci da yawa ƙwan da ke cikinta ɗan mitsitsi ne da ake kira W5W ko T10, wasu su ce 194. Wat 5 yake ja, ba shi da zaren murɗawa a gindi, ba shi da ƙugiya, cusa shi ake yi a soket, in ya mutu a fizgo shi. Na faɗi haka tun da wuri ne don a san girman abin da ya tara mini jama'a.

Na hagu ne ya daina kamawa. Wani da sai ya sayi irinsa ya mayar, a wuce wurin. To ni na daɗe ina hangen motocin mutane da daddare da wannan farin haske tas na LED, raina yana biyawa. Na kuma kalli bidiyon wani bawan Allah da ya canja nasa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da wayar da yake ɗauka da ita, bai ko yi gumi ba. Na yi oda, aka kawo guda biyu a 'yar leda, an rubuta 6000K a jiki. Wannan lambar ta launin haske ce: tsohon ƙwai mai zaren wuta yana wajen 3000K ko ƙasa, shi ya sa yake ruwan ɗorawa, shi kuwa 6000K fari ne har yana ɗan shuɗi-shuɗi.

Uwargida ta gan ni da sukudireba da tocila, ta ce, "Baban yara, ba za ka kai wa mai riwaya ba?"

Na ce, "Don ƙwai? Haba dai. Kafin ki ɗaura ɗankwali na gama."

Na ɗaga bonet. A bidiyon nan, bayan fitilar fili ne fetal. A tawa motar kuwa, gefe ɗaya batir ne zaune daram, ɗaya gefen akwatin matatar iska ya tokare, an bar wani ɗan lungu wanda in ka leƙa da ido hannu ba zai shiga ba, in ka zura hannu ido ba zai gani ba. Sai ka zaɓi ɗaya. Na zaɓi hannu, na yi ta lalube ina kallon sama, har na cafko wani abu na ja da ƙarfi. Ashe filogin babbar fitila ne. Na mayar da shi a hankali, na waiga ko wani ya gani. Daga baya na samu soket ɗin, na murɗa shi kwata zuwa hagu, ya fito tare da fatar bayan yatsuna biyu.

Na zare tsohon ƙwan na jefa cikin mota, na cusa sabon, na zagaya na kunna wuta. Shiru. Na kashe na sake kunnawa. Shiru. Nan na fara yi wa wanda ya sayar mini addu'o'i iri-iri, har na ciro waya zan rubuta masa abin da ke raina. Sai ga ƙanina, wanda ya karanta harkar lantarki kuma ba ya barin kowa ya manta.

Ya ce, "Yaya, juya shi."

Na ce, "In juya me? Ƙwai yana da gaba da baya ne?"

Ya ce wannan yana da su. Tsohon ƙwai zaren ƙarfe ne da ke yin zafi har ya yi haske, ko ta ina wuta ta bi masa duk ɗaya ne. LED kuwa ta hanya ɗaya kawai yake barin wuta ta wuce, in ƙafar fosatif ta faɗa a nagatif sai ya yi kamar ba ya nan. Na ciro shi na juya, na mayar. Wallahi sai ga haske fari fat, har na ga tsagun tafin hannuna. Na goge saƙon da na fara rubutawa, amma addu'o'in sun riga sun tafi.

Saura a mayar da soket cikin raminsa. Abin da ba a nuna a bidiyo ba shi ne, wannan LED ɗin ya fi tsohon ƙwan tsawo da kauri, ga shi kuma bai kama soket da kyau ba. Ina ta lalube, hannuna a matse tsakanin batir da ƙarfe, ƙanina yana tsaye a kaina yana ba ni labarin cewa farin LED asalinsa shuɗi ne aka shafa masa wani sinadari rawaya, kuma wasu Japanawa uku ne suka samo shuɗin, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Na ce masa Allah ya ƙara musu ɗaukaka, ya haska mini tocila. Kan ƙwan ya karo bakin ramin. Na ji ƙwas, sannan wani ɗan gungurawa, sannan shiru.

Na zaro soket, ba komai a bakinsa.

Muka zagaya gaban mota muka durƙusa. Ga shi can a cikin gidan fitila, kwance a ƙasan gilashi, ana ganinsa sarai, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai taƙi ba. Kuma gidan fitilar manne yake da gam ta ko'ina don kada ruwa ya shiga.

Ban san yadda ake yi ba, amma buɗaɗɗen bonet yana kiran maza daga nesa. Kafin in miƙe, maƙwabcina ya iso, sai wani dattijo da ke wucewa, sai wasu samari da ban taɓa gani ba. Kowa da fatawarsa. Maƙwabci ya kawo mayen ƙarfe ɗaure a zare, muka zura, ya sauka kan ƙwan, ƙwan ko gezau, don jikinsa ba irin ƙarfen da maye ke kamawa ba ne. Amma ya fito mana da wani ɗan noti da ban san daga ina ya ɓalle ba, har yau yana nan ajiye ana jiran mai shi. Ɗaya daga cikin samarin ya ce a tuƙa motar da baya da gudu a taka burki, ƙwan zai yi tsalle ya fito ta inda ya shiga. Dattijon ya ce a zamaninsu fitila gilashi ce da sukurori, ka kwance ka zuba hannu, su waɗannan na yanzu ba don mutane aka yi su ba. Maƙwabci ya ce ai abu mai sauƙi ne, a ciro gidan fitilar gaba ɗaya a girgiza. Muka duba, sai muka ga ƙusoshinsa na ƙasa suna bayan bamba, ita kuma bamba sai an shiga ta wajen taya. Aka bar wannan maganar.

Daga nan aka koma kan waya da cingam. Wani yaro ya sadaukar da wanda ke bakinsa, muka liƙa a kan waya, na zura. Zan faɗi gaskiya, dabarar tana da kyau a ka'ida. Cingam ɗin ya taɓa ƙwan, ya ɗan ɗaga shi, jama'a suka ce "Yauwa! Yauwa!", sai ya saki wayar ya manne a jikin madubin fitila. Yanzu abubuwan da ke ciki sun zama biyu.

Uwargida ta leƙo. Ta ɗaura ɗankwalin, ta je unguwa, ta dawo. Ta ce, "Sannu da aiki, Baban yara. A kira mutane ne su ƙaru?"

Ƙanina ne ya ce a cire babban ƙwan, raminsa ya fi faɗi. Na cire shi na riƙe a hannu, ya daka mini tsawa kamar shi ne yayan: ba a taɓa gilashin irin wannan ƙwan, wato halojin, da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya fi sauran zafi, ƙwan ya mutu da wuri. Aka nemo auduga da sifirit aka yi masa wanka. Ta wannan babban ramin, da waya da salatif da aka naɗe ta bai, ƙwan ya fito. Aka yi tafi. Dattijon ya ce dama ya faɗa, ko da yake babu wanda ya tuna ya faɗa.

Don kada ya sake faɗawa, na ce bari in matse ƙarafan da ke cikin soket. Na zura bakin sukudireba. Babu wanda ya tuna mini cewa wuta a kunne take, alhali mutum nawa ne tsaye a wurin. Tartsatsi ya yi fat, fitilar dama da ke ci lafiya lau tun safe ta ɗauke. Wani yaro ya zagaya baya ya dawo da rahoto: jajayen fitilun baya sun mutu, ta lamba ma haka. A motoci da yawa duk fis ɗaya suke sha da fitilar fakin, tawa kuma tana cikinsu. Na kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, ina bin zanen da ke bayan murfin akwatin fis. Ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. Na zaro wani ja, na ɗaga shi a tocila, ga 'yar wayar cikinsa ta tsinke. Maƙwabci ya ce a naɗa masa zaren waya kawai, haka yake yi wa tasa. Wannan kam na ƙi, don fis an yi shi ne ya ƙone a madadin wayarin mota, in ka hana shi ƙonewa wani abu ne zai ƙone. Allah ya taimake ni akwai na ajiya a jikin murfin.

Wajen magariba duka biyun suka kama. Na ja da baya na harɗe hannu. Sun yi kyau, ba ƙarya. Illa dai da na kunna manyan fitilu, sai farin nan ya tona musu asiri, suka zama wasu jajaye-jajaye kamar ba a gida ɗaya suke ba. Na kawar da kai daga wannan, na shiga na tayar da mota.

Ƙiiit. Alamar ƙwai ta fito a dashbod, da rubutu cewa fitilar fakin ta mutu. Hagu da dama.

Na fita na duba, suna ci. Na dawo, mota ta ce sun mutu. Na sake fita. Jama'a suka shaida suna ci. Ƙanina yana dariya har da riƙe ƙofa, ya ce kwamfutar motar ba ta da ido, wutar da ƙwai ke ja take aunawa. Tsohon mai wat 5 yana jan wajen amfiya 0.4, wannan kuwa ɗan kaɗan yake tsotsa, sai ta ɗauka zaren ya tsinke. Wato irin kakar nan ce da in ba ka cinye abin da ta zuba maka ba, to ba ka da lafiya, ko da kana tsalle a gabanta. Kuma ba ta tsaya nan ba. Duk sanda na murɗa makulli sai ta aika 'yar wuta ta gwaji, wadda ba ta isa ta ɗumama zaren tsohon ƙwai ba, amma LED nan take yake amsawa. Sai motar ta riƙa ƙyafta ido, fal-fal-fal, ga duk wanda ke tsaye a gabanta. Uwargida ta ce ita dai a gaya mata wa ake yi wa.

Na jure 'yan kwanaki da ƙiiit ɗin nan, sannan na biya wajen mai riwaya, kamar hanya ce ta biyo da ni. Ya leƙa bayan fitila, ya ga soket a lanƙwashe, ya ga salatif a jikin waya, ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya taɓa nan?"

Na ce, "Wani yaro ne."

Ya ce, "Yaran nan sai a hankali. Kar ka ƙara ba shi."

Ya ce LED mai kambos zan saka. Sunan daga CAN yake, hanyar da kwamfutocin mota ke magana da juna, wadda kamfanin Bosch ya fito da ita a 1986, amma ƙwan ba ya magana da kowa. 'Yar razista aka liƙa masa da ke shan ƙarin wuta ta mayar da ita zafi, don kwamfuta ta ga ana ci ta yi shiru. Na ce to ina tsimin wutar da aka yi mini alkawari? Ya ce ai ita ce razistar ke sha. Ya ƙara da cewa zafi ne babban makashin LED, ga shi zai zauna kusa da halojin mai wat 55, don haka in na ga ya fara rawa wata rana kada in yi mamaki.

Yana cikin kankare soket ɗin hagu, sai ya ce ƙarafan sun yi tsatsa, ina tsohon ƙwan? Na laluba, yana cikin mota inda na jefa shi. Ya cusa, ya ce yaronsa ya kunna. Ya kama, ruwan ɗorawa, lafiyarsa ƙalau. Ya kalle ni, na kalli wata mota da ake gyarawa a gefe.

Na ce duk da haka a sa mai kambos, ba zan koma baya ba. Ya saka, dashbod ya yi shiru. Ya zagaya gaba don ya duba hasken, sai ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana kallon cikin gilashin.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan abin da ke manne a madubi fa?"

Na ce, "Da shi motar ta zo."

Ya gyaɗa kai, ya ce shekarunsa da yawa a sana'ar nan bai taɓa ganin irin wannan samfurin ba, sannan ya ƙwala wa yaran shagon kira su zo su gani.