Tsakanin Azahar da Isha, Ina Ɗan Talaka Yake Wuni?

Duk lokacin da aka kama matasa da laifin ƙwacen waya ko faɗan daba a Kano, maganar da ake yawan ji ita ce iyaye sun yi sakaci da tarbiyya. Akwai gaskiya a cikinta, amma a ganina tambayar da ta fi dacewa ita ce: ina yaron yake wuni daga tashin makaranta zuwa bayan sallar isha, kuma wane babba ne ya san inda yake?

Ɗan mai hali ba shi da wannan giɓin. Makarantar kuɗin da yake zuwa tana da ƙungiyar muhawara da ta kimiyya, da yamma a kai shi Islamiyya, ranar Asabar kuma ga atisayen ƙwallo. Ɗan mai tura baro kuwa ana tashinsa da azahar daga ajin da ya cika maƙil, ya tarar uba yana wajen nema, uwa tana fama da sana'ar cikin gida, ɗakin kuma ba ya zaunuwa da rana. Sai ya nufi majalisar bakin titi, inda wanda ya girme shi da shekara uku shi ne malaminsa, kuma a nan ake fara ɗanɗana sholisho da wiwi da ƙwaya. Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, kuma ta kyauta, sai dai haramcin bai samar wa yaron abin yi da yamma ba.

A da, makarantun gwamnati suna da Sikawut da wasan kwaikwayo da kacici-kacici da gasar guje-guje tsakanin gidaje, ba tare da an nemi kuɗin kirki daga iyaye ba. Yawancin wannan ya mutu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake yanka filayen makarantu ana jera shaguna, sannan a dawo ana mamakin ganin yara a kango.

Ƙasar Ayislan da ke Turai ta gwada wata hanya. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun yi maye da giya a watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauko zuwa kashi 5. Daga cikin matakan da aka ɗauka akwai katin da Rekiyabik, babban birnin ƙasar, yake bai wa kowane yaro don biyan kuɗin wasanni ko koyon kiɗa, domin kada talauci ya hana shi shiga. Ba mu da aljihunsu, amma darasin ya shafe mu.

Kada a ɗauka ƙwallo kaɗai tana gyara hali. Wasan unguwa da babu mai tsawatarwa sau da yawa da jifa da sara yake ƙarewa, kuma kulob ɗin kansa yana iya rikiɗewa ya zama daba. Abin da yake aiki shi ne babba mai mutunci wanda ya san sunan yaro da gidansu, yake kuma cigiyarsa ranar da bai zo ba. Shi ya sa 'yan agajin ƙungiyoyin addini da masu shirya ɗalibai don musabaƙar Alƙur'ani suke riƙe yara da ɗan abin da ke hannunsu: akwai kaki, akwai muƙami, akwai ranar fita a gaban jama'a.

Duk shirin da za a yi dole ya zama kyauta, kuma ya yi la'akari da cewa ɗan talaka yana da nema. Yarinyar da ke tallar awara da yamma ba za ta ajiye farantinta ba sai an yi magana da uwarta kan cinikin da gidan zai rasa, yaron da ke koyon kanikanci kuma sai an daidaita lokaci da maigidansa a gareji.