Mazaɓar da aka share a Delhi, da namu na Jos ta Arewa da aka ƙi taɓawa

'Yan uwana mutanen Jos, yau maganar mazaɓu nake so mu yi, don zaman da nake yi a Indiya ya sa na soma ganin wani abu da muka saba da shi har muka ɗauka haka Allah ya yi shi.

A tsakiyar Delhi, kusa da Connaught Place, da can akwai mazaɓar majalisar dokoki da ake kira Gole Market, unguwa ce mai yawan gidajen ma'aikatan gwamnati. A 1993 Kirti Azad na jam'iyyar BJP ne ya ci kujerar, tsohon ɗan wasan kurket ne, yana cikin waɗanda suka ɗauko wa Indiya kofin duniya a 1983. A 1998 Sheila Dikshit ta Congress ta kayar da shi ta zama babbar ministar Delhi, kamar gwamna ke nan a wurinmu. A 2003 BJP ta tsayar da matarsa Poonam Azad, ita ma ta sha ƙasa. Sai ga 2008, aka share mazaɓar kacokan daga taswira. Mazaɓar mai mulki fa, tana kan kujera! Hukumar shata iyakoki ce ta yi aikin, ƙarƙashin tsohon alƙalin kotun ƙoli Kuldip Singh, da ƙidayar 2001 ta yi amfani, kuma abin da ta yanke ba a kai shi kotu. Kujerun Delhi suka tsaya a 70 ɗinsu, layuka kawai aka sake ja saboda mutane sun yi ta barin tsakiyar gari, bakin gari kuma ya cika maƙil. Sheila Dikshit ta koma sabuwar mazaɓar New Delhi ta ci a 2008, Arvind Kejriwal na jam'iyyar AAP ya kayar da ita a 2013 da ratar ƙuri'a sama da 25,000, shi ma aka kayar da shi a nan a 2025.

To mu dawo gida. Majalisar Filato kujera 24 ce, Jos ta Arewa da Babangida ya ƙirƙiro a 1991 tana da biyu, Jos North-North da Jos North-West. Rabon da a shata mazaɓu a Najeriya tun 1996, zamanin Abacha. Yaron da aka haifa a Gangare ko Ali Kazaure a shekarar yau magidanci ne, Naraguta da Tudun Wada da Kabong sun faɗaɗa har ka je ba za ka gane hanyar da ka sani ba, amma taswirar tana nan jiya i yau, kamar rigar sallar yaro da ake tilasta masa sawa bayan ya yi gemu. Ko da ƙidayar 2006 ma, wadda ita kanta ta tsufa, jihar tana da mutum kusan miliyan 3.2, ka raba gida 24 kowace kujera ta tashi da kamar 133,000, Jos ta Arewa kuwa ta haura 400,000, wato lissafin kujera uku ne ba biyu ba. Kuma tsarin mulkin 1999 bai hana ba, sashe na 91 ya yarda kujerun majalisar jiha su zama ninki uku ko huɗu na kujerun wakilai na tarayya, Filato tana da takwas, ke nan har 32 za ta iya kaiwa, sashe na 114 kuma ya ɗora wa INEC sake duba mazaɓun.

Na san abin da wasu za su ce, a bar kaza cikin gashinta, Jos ba Delhi ba ce. Wallahi ban raina wannan tsoron ba, duk wanda ya ga Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukuma ya san abin da siyasar garin nan ke iya jawowa. Su ma Indiyawan ba waliyyai ba ne, jihohin kudancinsu suna ta ƙorafi kan rabon kujerun da ke tafe. Amma ƙarancin kujerar nan shi ke ƙara zafafa abin, saboda Bahaushe da Ba'afizere da Anaguta da Birom da Ibo da Bayarabe duk a kan kujera biyu suke kokawa, kowane zaɓe ya koma ko mu ko su. Kuma ƙuri'ar mai shago a Terminus, ko wane masallaci ko coci yake zuwa, nauyinta bai kai na ɗan uwansa da ke mazaɓa mai ƙarancin jama'a ba, wannan cuta ce da ta shafi kowa.

A 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓe daga 119,973 zuwa 176,846 bayan an daɗe ana cewa ba zai yiwu ba, kuma aka yi lafiya. Mazaɓu ne suka rage, su kuma sai majalisar tarayya ta sa hannu. Don haka duk mai neman sanata ko ɗan majalisar Jos ta Arewa da Bassa da ya shigo unguwarku da buhunan shinkafa a zaɓe mai zuwa, don Allah ku tsayar da shi a gaban jama'a ku tambaye shi matsayinsa kan wannan, ku ɗauke shi a waya yana ba da amsa.