Nasiha: Guzurin da Allah Ya Ajiye a Rassan Jijiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Allah Maɗaukaki Yana cewa a Suratuz Zariyat, aya ta 21: "Kuma a cikin kawunanku, shin ba ku gani ne?" To mu duba abu ɗaya tak.

Ƙwayar jijiya, wato ƙwayar halitta mai kai saƙo a ƙwaƙwalwa da jiki, ba dunƙulalliya ba ce kamar ƙwayoyin jiki da yawa; tana da rassa da doguwar igiya. Wadda ke tashi daga ƙashin baya zuwa yatsan ƙafa, igiyarta kan kai mita 1. Wasu furotin, wato sinadaran da ƙwaya ke gina kanta da yin aiki da su, in an ƙera su a cibiyar ƙwayar, tafiyar da suke yi ba ta wuce kamar milimita 1 a rana. Ku lissafa: kwana 1,000, kusan shekara uku, alhali furotin da yawa cikin kwanaki ko makonni suke lalacewa. Kafin a kai, an yi asarar kaya.

Sai Mai hikima Ya tsara wata hanya. Ana kwafo umarnin ƙera furotin daga cibiya a matsayin saƙon da ake kira mRNA, a ƙunshe shi, a kulle, sannan furotin kinesin ya ɗauke shi bisa siraran hanyoyi zuwa rassa. Can zai zauna shiru. Idan saƙon jijiya ya buga a mahaɗa, wato inda ƙwayoyin jijiya biyu ke haɗuwa, sai kullin ya saki, ribosom, wato ɗan injin ƙera furotin, da ke jira a wurin ya karanta, ya ƙera furotin nan take, a daidai mahaɗar da ta nema. A 1982 masu bincike Steward da Levy suka ga ribosom a gindin waɗannan mahaɗai a ƙwaƙwalwar ɓera. A 1996 Kang da Schuman suka nuna cewa wani nau'in ƙarfafar mahaɗa ba ya yiwuwa sai da wannan ƙira ta nan-take. Ƙarfafar mahaɗa kuwa ita ce tushen koyo da riƙewa, har haddar da yaro ke yi a kan allo. Subhanallah!

Ga inda muke so iyaye da malamai su tsaya. Cikin masu riƙe kullin akwai furotin FMRP, wanda aikinsa taka wa ƙirar furotin birki. Idan haruffan rubutun gado CGG suka maimaitu fiye da sau 200 a ƙwayar gado ta FMR1, wadda ke ɗauke da umarnin ƙera FMRP, sai ta yi shiru, birki ya tafi, ƙira ta rikice. Wannan ne ciwon Fragile X: jinkirin magana, wahalar koyo, rashin zama wuri ɗaya, kauce wa haɗa ido. Ya fi tsanani ga maza.

Yaro irin wannan ba taurin kai yake yi ba, kuma ba daƙiƙi ba ne. Bulala ba ta mayar da furotin da babu. Mu ji tsoron Allah game da shi, amana ce. A kai shi wajen likitan yara. Da gwajin jini ake tabbatar da ciwon. Har yanzu ba a samu maganin da ke kawar da shi ba, amma horon magana tun da wuri, da darasi gajere-gajere a wurin da ba hayaniya, suna taimaka masa ƙwarai.