Dare ɗaya Bitrus ya zare takobi kuma ya yi musu

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, musamman samarinmu na ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada da Roni masu fita ci-rani.

Makon jiya ɗan ƙanena ya dawo daga birni. Muna zaune a zaure bayan tuwon dare sai wayarsa ta yi ƙara, na ji mai kiran ya ambace shi da sunan da ba shi muka raɗa masa ba, shi kuma ya amsa. Da na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, in suka san ni Kirista ne maigidana zai sallame ni. Ai a zuciya nake riƙe da Yesu."

Ban yi masa faɗa ba, don na san ciwon. Mun sha jin "arne" a bakin rijiya. Mun nemi fili mu faɗaɗa majami'a, ana jin abin da za a gina sai ciniki ya watse. Yaranmu sun je neman takardar shaidar asali an ce musu sunansu bai yi kama da na 'yan ƙasa ba, alhali kakanninmu Maguzawa a wannan ƙasa aka binne cibiyarsu. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addininsa, amma yaron da ke tsoron rasa abincinsa ba ya tuna wani sashe.

Na ɗauko Littafi Mai Tsarki, wanda muke da shi da harshenmu tun 1932, na buɗe masa Yahaya sura 18. A lambu, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen dama na Malkus, bawan babban firist. Yesu ya ce masa ya mai da takobin kube, Luka kuma ya gaya mana ya taɓa kunnen ya warkar. Kafin zakara ya yi cara, wannan jarumin ya ce bai san Yesu ba, har sau uku. Wa ya fara tambayarsa? Ba soja ba ne, baranya ce mai tsaron ƙofa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ramukan nan biyu da Bitrus ya faɗa, na takobi da na musu, suna nan a gabanmu har yau. Wasunmu tsanani ya sa zuciyarsu ta yi ɗaci, sai zage-zage a Facebook, sai kallon kowane Musulmi a matsayin maƙiyi. Wannan takobin Bitrus ne, Ubangiji kuma bai karɓe shi ba. Ni shaida ne, shekarar da aka yi tashin hankali, maƙwabcinmu Musulmi ne ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce sai dai a fara da shi. Yaya zan buɗe baki in zagi irinsa? A Matiyu 5:44 an umarce mu mu ƙaunaci magabtanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a, balle wanda ya tare mana faɗa.

Rami na biyu shi ya fi ba ni tsoro, don ba ya ƙara. Yau ka ɓoye suna, gobe ka bar zuwa sujada don kada a gan ka, jibi ka ji ana aibata Almasihu ka yi dariya tare da su don a zauna lafiya. Haka gara take cin rumbu, daga waje lafiya lau, ran da aka buɗe sai ƙasa. Ba na ce ka tsaya tsakar kasuwa kana shela ba, Yesu da kansa ya ce mu yi wayo kamar macizai, mu zama marasa ɓarna kamar kurciyoyi. Amma yin shiru daban, amsa sunan da ba naka ba daban.

Na tuna masa Leah Sharibu, yarinya 'yar shekara 14 da aka sace a makarantar Dapchi a Fabrairun 2018. Aka sako ƙawayenta bayan wata guda, ita aka riƙe ta don ta ƙi musun bangaskiyarta. Ita bindiga ta gani. Ɗan ƙanena kuwa kuɗin wata yake tsoron rasawa, kuma ban raina wannan ba, uwarsa da ƙannensa da shi suka dogara. Shi ya sa na kai maganar gaban dattawan ikilisiya: in yaro ya rasa aiki saboda sunan Yesu, nauyinsa a kanmu yake, da gona da iri da ɗan jari. Kada mu ce masa ya tsaya, mu kuma mu naɗe hannu.

Kafin ya tashi na buɗe masa Yahaya sura 21, inda Yesu ya hura wutar gawayi a bakin teku, ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa, sannan ya damƙa masa tumakinsa. Yaron ya daɗe yana kallon shafin, bai ce komai ba.

Ran Litinin zai koma birni. Ku sa shi a addu'arku ta Laraba da sunansa na gaskiya, Ubangiji ya san shi.