Litinin ɗin farko bayan an sallame ni daga aiki

Shekara biyu ke nan da kamfanin da nake wa aiki ya rage ma'aikata, sunana kuma yana cikin takardar. Jikina bai san an sallame ni ba. Ranar Litinin ƙarfe shida na farka, na yi wanka, na goge takalmi, sai da na ɗauki makulli na tuna ba inda za ni. Na koma bakin gado na zauna, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

Masu jaje suka yi ta zuwa: "Ka kwantar da hankalinka, wataƙila alheri ne." Gaskiya suka faɗa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Shi ya sa har gobe nake jin haushin masu cewa ka yi murmushi kawai, komai zai wuce. Sauyi nauyi gare shi, kuma an taɓa auna shi. A 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka jera abubuwa 43 da ke girgiza rayuwar mutum, kowanne da makinsa. Mutuwar miji ko mata 100, rabuwar aure 73, kora daga aiki 47. Ɗaura aure kuwa 50 suka ba shi, ya ma ɗara korar! Ranar da na ga wannan sai da na yi dariya. Ashe ko abin murna ne, in dai ya sauya maka zama, sai ya taɓa ka.

Abin da ya taimake ni ya fi murmushi wuya. Martin Seligman, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Pennsylvania, ya lura cewa waɗanda musiba ke kayarwa sukan gaya wa kansu abu uku: ba zai taɓa wucewa ba, ya ɓata komai, kuma duk laifina ne. Wallahi duka ukun nake maimaitawa kullum kafin in yi barci. Sai na samu littafin rubutu. Duk maganar da zuciya ta raya min da dare, da safe in rubuta ta, in tambaye ta hujja. "Ba zan ƙara samun aiki ba" ta koma "ban samu ba a watan nan." "Na gama lalacewa" ta koma "albashi ya tsaya, lafiyata da sana'ar hannuna suna nan." Ban taɓa rubuta cewa zan zama attajiri ba, don zuciya ta san ƙarya in ta ji ta. Akwai ma layin da na kasa gyarawa: na yi shekaru ban koyi sabon abu ba. Wannan laifina ne, na bar shi yadda yake, na nemi kwas ta intanet.

Af, kada wani ya ɗauka littafin rubutu likita ne. In baƙin ciki ya kai mako biyu ba ya sassautawa, barci ya ƙaurace, abin da kake so da ya fita daga ranka, ka je asibiti.

Na samu wani aikin bayan wata bakwai, albashin bai kai na da ba. Jiya ina kwashe kaya na ci karo da littafin. A shafin farko na rubuta "shi ke nan, tawa ta ƙare," na ja masa layi biyu a ƙasa har biro ya huda takardar.