Kwamitin sulhu ne a masallaci, me ya kawo maganar yanke hannu?

Tun daga watan Disambar 2024 zuwa Janairun 2025, lokacin da aka ɗage ƙaddamar da kwamitin sulhu na Shari'a a garin Oyo, Ewi, wato sarkin Ado-Ekiti, ya ba da umarnin rusa wanda ya fara zama a babban masallacin garinsa, gwamnan Ogun Dapo Abiodun kuma ya fito da nasa gargaɗin kan kafa kotun Shari'a a jiharsa, na daina ƙirga mutanen da suka tare ni a nan Legas da tambaya guda: wai da gaske ne Hausawa na shirin shigo da yanke hannu ƙasar Yarbawa? Da mai tambayar ɗan acaba ne ko mai sayar da burodi, da na yi masa uzuri. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu hura wutar lauyoyi ne, da marubuta a jaridu, da shugabannin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, waɗanda suka san abin da kundin tsarin mulki ya ce sarai, amma suka ga ribarsu tana cikin tsoratar da jama'a.

Da farko ma, waɗanda suka nemi kafa kwamitocin nan a Oyo da Ekiti Yarbawa ne Musulmi, 'yan asalin garuruwan, a can aka binne cibiyarsu. Musulunci a Ikko ya girmi Najeriya kanta. Masallacin Shitta-Bey da ke tsibirin Legas an buɗe shi a 1894, shekara 20 kafin Turawa su haɗe Kudu da Arewa. Duk wanda ya ce baƙi ne suka ɗauko addinin a bayan tirela daga Kano, bai san tarihin garin da yake iƙirarin karewa ba.

Me kwamitin yake yi? Aure, saki, riƙon 'ya'ya, ciyarwa, rabon gado, wasiyya, wani lokaci bashi. Ba shi da ɗan sanda, ba shi da kurkuku, ba ya aika wa kowa sammaci na dole, kuma ba ya zama sai ɓangarorin biyu sun yarda su zo. Irinsa ya shafe fiye da shekara 20 yana zama a masallatan Legas, babu wanda ya rasa ko da farce. Mu da muke zaune a Agege da Idi-Araba da Mile 12 mun san abin tun kafin a sa masa suna.

Bara wani maƙwabcinmu mai sana'ar gwari ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya tara, gida ɗaya a nan, gona a gida Arewa, da rumfa a kasuwa wadda ƙaninsa ya ce ai tare suka kafa ta. Bayan sadakar arba'in rigima ta tashi har aka daina gaisawa. Uwargida ce ta tako har zauren limami, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Allah gafarta Malam, ni ba zan kai 'ya'yan marigayi gaban alƙali ba, a raba mana yadda Allah ya ce." Zama uku aka yi bayan La'asar, a kan tabarma, da littafin ciniki na rumfar da shaidu biyu daga cikin dillalai. Aka fitar da bashin da ake bin mamacin, aka ware wa ƙanin kasonsa na jari, aka ba matan tumuninsu su raba, sauran aka kasa wa 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Amarya ba ta ji daɗin kuɗin da aka yi wa gidan ba, ta faɗa a fili, aka sake kiran mai ƙiyasi. Cikin wata guda magana ta mutu. Ina so masu ihun nan su nuna mini wane sashe na tsarin mulki aka karya a wannan zaure, kuma su faɗa mini shekara nawa wannan baiwar Allah za ta yi tana zarya zuwa Babbar Kotu a Ikeja da an bi hanyarsu.

Hujjar da suka fi riƙewa ita ce sashe na 10, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa ko na jiha. To, kundin da ke ɗauke da sashe na 10 shi ne dai yake ɗauke da sashe na 38 da ya ba kowa 'yancin bin addininsa a aikace, shi ne kuma yake ɗauke da sashe na 275 da ya ce duk jihar da ke buƙata tana iya kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, sashe na 277 kuma ya iyakance mata hurumi ga sha'anin iyali da gado da wakafi da makamantansu. Abuja tana da irin wannan kotu, Kwara tana da ita, har Filato inda Kiristoci suka fi yawa tana da Alƙalin Alƙalanta, kuma ba mu ji coci ɗaya da aka rufe a Jos saboda haka ba. Ba a karanta kundi kamar mai tsintar shinkafa, a ɗauki ƙwayar da aka ga dama a zubar da saura. Masu cewa daga sulhu za a zarce zuwa abin da Zamfara ta fara a 1999 sun manta cewa dokar laifuka sai Majalisar Dokokin jiha ta yi ta, ba limamin unguwa ba.

Abin dariyar shi ne mutanen da ba su da magana sai ta yadda ake yi a Turai sun yi gum game da Ingila, inda Yahudawa suka daɗe suna warware rigingimunsu na dukiya a gaban malamansu, Musulmi kuma suka kafa nasu zauren a 2007 ƙarƙashin dokar sasanci ta 1996. A nan gida ma Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar sasanci da sulhu a 2023, Legas kuwa tun 2002 take da zauren sulhu a jikin Babbar Kotunta, don a rage wa alƙalai cunkoso. Kamfanoni biyu su zaɓi wanda zai raba musu gardama a ɗakin otal a Victoria Island, sai a ce wayewa ce. Miji da mata su zaɓi malami a masallaci, sai a ce Najeriya za ta wargaje.

Kuma ba wai jihar Legas ba ta san dokar da ba ta Bature ba ce. Kotunan gargajiya suna nan a ƙananan hukumomi suna raba aure bisa al'ada, kotunan sama kuma sun daɗe da amincewa da rabon gadon Yarbawa na idi-igi, inda ake kasa dukiya bisa yawan matan mamaci, da ori-ojori, inda ake kasawa bisa yawan 'ya'ya. Ban ga laifin wannan ba, al'adar mutane ce, su riƙe abinsu. Abin da ban gane ba shi ne yadda za a buɗe wa al'ada ƙofar kotu a rufe wa miliyoyin Musulmin da ke biyan haraji a jiha ɗaya, har ya zama alƙalin da bai taɓa buɗe babin gado ba ne zai yanke wa marayun Musulmi rabonsu.

Mun ga irin wannan taurin kai a shari'ar hijabi. Babbar Kotun Legas ta goyi bayan hana ɗalibai mata sa shi a makarantun gwamnati a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 2016, gwamnati ta ƙi haƙura ta garzaya Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar wa 'yan matan haƙƙinsu a watan Yunin 2022 da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu. Shekara takwas da kuɗin talakawa aka ƙone a kan ƙyallen da yarinya ke rufe kanta da shi, yaran da aka fara shari'ar dominsu har sun gama makaranta. A lokacin ma cewa aka yi makarantu za su kama da wuta. Yau ga yara nan suna shiga aji da hijabinsu daga Surulere har Ikorodu.

Namu ma da sauran gyara, kada a ce na kare su ido rufe. Ɗan kasuwar da ya tara gidaje a Legas bai rubuta komai ba, da wanda ya je ofishin ɗaurin aure na Ikoyi ya sa hannu don neman biza bai san ya jefa gadonsa ƙarƙashin dokar Bature ba, su ma suna da hannu a wahalar iyalansu. Kwamitocin kansu ya kamata su riƙa rubuta hukuncinsu, su bar mace ta yi magana da bakinta, su kuma san inda ikonsu ya tsaya.

Sauran aikin na 'yan Majalisar Dokokin Legas ne da ke Alausa. Cikinsu akwai Musulmi da yawa waɗanda ke cika sahun gaba ranar Idi, kuma ƙuri'un Agege da Mushin da Epe na cikin waɗanda suka kai su kujerun da suke kai. Su kawo ƙudurin kafa kotun da sashe na 275 ya halatta, a yi muhawara a fili, mai adawa ya miƙe ya faɗi dalilinsa a rubuta sunansa. Kafin zaɓen 2027 za su dawo fadar Sarkin Hausawa da manyan masallatai neman albarka, kuma a nan ne ya kamata limamai su fara yi musu wannan tambaya kafin a ɗaga hannu a yi musu addu'a.