Nasiha Ga Matasa Kafin Su Miƙa Kuɗinsu A Kan Wayar Shafa

Assalamu alaikum ƙannena da 'yan'uwana matasa, maza da mata.

Ina so mu yi magana a kan sayen babbar waya, wato wayar shafa, domin na lura da yawa daga cikinmu muna yanke shawarar sayenta tun kafin mu zauna mu tambayi kanmu aikin da za ta yi mana. Matashi zai tara kuɗin da ya sha rana ya samu, ko ya kwashi adashi, ko ya sayar da tunkiyar da yake kiwo, ya nufi Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja, alhali babu komai a ransa sai sunan wayar da ya gani a hannun abokinsa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin waya ya wuce abin da za a yi wasa da shi, saboda kusan dukkan wayoyin nan daga waje ake shigo da su, da dala kuma ake sayo su. Kuɗin da za ka zuba a waya ɗaya yau zai iya zama jarin ƙaramar sana'a, don haka ya cancanci a yi masa lissafi irin na jari.

Ba na cikin masu cewa wayar shafa ba ta da amfani, kuma duk wanda ya faɗi haka bai yi mata adalci ba. Tela yana ɗaukar hoton ɗinkinsa ya sa a WhatsApp ya samu masu kawo aiki daga unguwar da bai taɓa takawa ba, matar aure tana sayar da turaren wuta da atamfa daga cikin ɗakinta, ɗalibi yana sauke littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, dattijon da bai yi boko ba yana aika saƙon murya ga ɗansa da ke Legas ko Saudiyya ba tare da ya nemi mai rubuta masa ba. A lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, mun ga yadda manhajojin banki suka riƙe cinikin mutane da yawa a ranakun da ba a samun ko naira dubu a hannu. Amma fa wannan amfanin duka yana samuwa a waya mai matsakaicin kuɗi, kuma abin da mafi yawanmu ke biyan ƙari dominsa shi ne kece raini a majalisa.

Saboda haka tambaya ta farko ita ce, me za ka yi da ita? Idan kira ne da tura kuɗi kawai, ƙaramar waya mai madannai tana yin su, domin lambobin banki da ake dannawa da tauraro ba sa buƙatar data, cajinta kuma yana kwanaki. Idan ciniki ne ko karatu ko aikin da ke buƙatar hoto da intanet, to wayar shafa ta zama kayan aiki, sai a zauna a duba wace iri ce za ta ɗauki nauyin aikin.

Abu na farko da za ka duba shi ne RAM, domin shi ne ke sa waya ta iya riƙe manhajoji da yawa a buɗe ba tare da ta riƙa sandarewa ba. A nan akwai wata dabara da ya kamata ka sani. Za ka ga an rubuta 8GB da manyan haruffa a jikin kwali, amma idan ka duba ƙananan rubutun sai ka tarar 4+4 ne, ma'ana ainihin RAM ɗin huɗu ne, sauran huɗun kuwa aro aka yi daga ma'ajiyar wayar, kuma wannan aron bai kai na ainihi sauri ba ko kusa. Ka tambayi mai shago ainihin adadin, sannan ka shiga saitin wayar ka gani da idonka. A ra'ayina, wanda zai yi harkar banki da WhatsApp da Facebook a waya ɗaya kada ya sauka ƙasa da 4GB na ainihi, domin abin da ya gaza haka zai sa ya riƙa jiran manhajar banki ta buɗe mai saye yana tsaye a kansa.

Sai ma'ajiya. Wayar da aka rubuta mata 64GB ba za ta ba ka 64 ɗin duka ba, saboda manhajar da ke tafiyar da wayar ta riga ta cinye wani kaso tun daga kamfani. Ragowar kuma bidiyoyin da ake turowa a zaurukan WhatsApp, na biki da na wa'azi da na siyasa, su ne za su cika shi cikin 'yan watanni, ka koma kullum kana goge hotuna don ka samu wurin sauke abu ɗaya. Idan aljihu zai iya, 128GB ta fi kwanciyar hankali, idan kuwa ba zai iya ba, a nemi wadda ke da gurbin saka memori.

Batir shi ne abin da na fi so ku ba wa muhimmanci, domin mu mutane ne da wutar lantarki ba ta zama mana ba, kuma da yawanmu sai mun kai waya shagon caji mun biya. Batir mai 5000mAh (mAh shi ne ma'aunin girman batir) ya zama ruwan dare a wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke ƙera su, wato Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, haka ma a Redmi da Samsung masu matsakaicin kuɗi. Sai dai girman batir kaɗai bai wadatar ba, a duba saurin cajin, domin idan an kawo wuta ta awa ɗaya, wayar da ke ɗaukar caji a 33W za ta sha abin da mai 10W ba za ta sha rabinsa ba. Ku sani kuma zafi shi ne babban abokin gabar batir. Barin waya a rana a cikin watan Afrilu, ko latsa ta tana kan caji har ta yi zafi a hannu, ko cajin ta da cajar bakin titi da ba a san asalinta ba, duk suna rage wa batir kwana.

Gilashin wayar kuwa, shi ne ya sa ake kiranta ta shafa, shi ne kuma ya fi komai saurin lalacewa. Akwai nau'in LCD, akwai kuma AMOLED wanda ya fi fitar da launi da kyan gani. Kafin kyan ya ruɗe ka, ka taka zuwa wurin masu gyara a cikin kasuwar ka tambayi kuɗin canza gilashin wannan wayar idan ya fashe, da kuma ko ana samunsa a gari. Akwai wayoyin da kuɗin gilashinsu ya isa ya sayi wata sabuwar ƙaramar wayar shafa, kuma za ka ga matasa suna yawo da waya mai tsada wadda gilashinta ya tsattsage, suna shafa ta a hankali don kada ta yanke musu yatsa, saboda kuɗin saye suka tanada ba su tanadi na gyara ba. Ka fita da wayar waje ka duba ko ana ganin rubutu a cikin rana, sannan kada ka bar kasuwar ba ka sa mata gilashin kariya da riga ba.

Maganar kyamara ba ta buƙatar dogon bayani. Yawan lambar da ake rubutawa, 50MP ko 108MP, ba shi ne ke nuna kyan hoto ba, kuma idanu uku ko huɗu a bayan waya sau da yawa ɗaya ne kawai ke yin aikin kirki. Ka ɗauki hoto a cikin shagon inda haske bai yi yawa ba, ka buɗe shi ka duba. Haka ma 5G, wadda MTN ta fara kunnawa a Najeriya a 2022, har yanzu a wasu sassan manyan birane take, don haka wanda ke zaune inda 4G ma take rawa ba shi da dalilin biyan ƙarin kuɗi dominta. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci, kuma ba a cika tambayarsa ba, shi ne shekarun da wayar za ta yi tana samun sabuntawar manhajarta daga kamfani. Samsung ta yi wa Galaxy S24 alkawarin shekara 7, amma yawancin wayoyi masu araha ba sa samun ko kusa da haka, kuma idan waya ta tsufa sosai manhajoji sukan daina aiki a kanta, kamar yadda WhatsApp ta daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5 a 2023.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna, wato kuɗin da ke biyo bayan saye. Wayar shafa ba ta aiki sai da data, kuma tun da hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, data ta ƙara nauyi a aljihu. Ka haɗa kuɗin data na wata da na caji da abin da za ka ajiye don gyara, ka ninka sau goma sha biyu, sannan ka kwatanta da abin da kake samu a shekara. Idan wayar ba za ta shigo maka da abin da zai biya wannan ba, kuma ba ka da wata hanyar samu, to za ta mayar da kai mai roƙon data a wurin yayye da abokai, wannan kuwa zubar da mutunci ne da bai dace da matashi mai lafiya ba.

Ina kuma jan kunnenku game da karɓar waya bashi a biya kaɗan-kaɗan. Ana nuna maka ɗan abin da za ka fara bayarwa, sai ka ga kamar sauƙi ne, amma idan ka tara abin da za ka biya har ƙarshe za ka tarar ya zarce kuɗin wayar nesa ba kusa ba, kuma irin waɗannan wayoyi ana kulle su daga nesa ranar da ka makara da biya, ko da kuwa harkar cinikinka duka a ciki take. Ka nemi a rubuta maka jimillar kuɗin, ka kuma tambayi malamai hukuncin tsarin da aka gindaya, musamman inda ake ƙara kuɗi saboda jinkiri. Allah Ya hana mu almubazzaranci a cikin Suratul Isra'i, inda Ya kira masu yin sa 'yan'uwan shaiɗanu, kuma cin bashi don sayen abin da ba buƙata ba ce ta kawo shi yana kusa da wannan ƙofar. Ku kuma ƙannena mata, wayar da saurayi ya ba ki ba da sanin iyayenki ba, wadda sai kin ɓoye ta a ƙarƙashin katifa, nauyi ce kika ɗauka, kuma mai bayarwa yakan dawo neman abin da ya fi kuɗinta.

Wayar hannu, wadda aka yi amfani da ita, tana iya zama mafita ga mai ƙaramin ƙarfi, amma nan ne haɗari ya fi yawa. Mun san yadda ƙwacen waya ya addabi garuruwanmu, har an rasa rayukan bayin Allah a kan waya, kuma ɓarayin nan ba za su ci gaba ba da babu masu saye. Idan wani ya tare ka a bakin hanya da waya babu kwali babu rasit, a rabin kuɗinta, yana gaggawa, to ka san abin da kake saye, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Kowace waya tana da lambar IMEI mai lambobi 15, wadda jami'an tsaro ke bin sawu da ita, kuma wanda aka samu wayar a hannunsa shi ake fara kamawa, sannan karɓar kayan sata laifi ne a doka kamar yadda yake haramun a addini. Kada rahusa ta sa ka zama kasuwar wanda ya soki ɗan'uwanka da wuƙa.

Idan za ka sayi ta hannu, ka saya a shagon da ke da mazauni, inda za ka iya komawa gobe ka tarar da mai shi. Ka tafi da wanda ya san waya. Ka danna *#06# lambar IMEI ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, ka sa a rubuta ta a rasit tare da kwanan wata da sunan shagon. Ka sa layinka ka yi kira ka ji lasifika da makirufo, ka shafa kowane lungu na gilashin ka tabbatar yana amsawa, ka jona caja ka ga tana ɗauka. Ka tabbatar an cire asusun Google na tsohon mai ita a gabanka, idan kuma iPhone ce a cire asusunsa na iCloud, domin wayar da ta kulle a kan asusun wani ba za ta yi maka amfanin komai ba. A iPhone ɗin ka shiga saiti ka duba lafiyar batir, idan ta sauka ƙasa da kashi 80 ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Sabuwa kuwa, a buɗe kwalinta a gabanka, a ba ka takardar garanti, ka kuma tambayi inda ofishin gyaran kamfanin yake a garinku.

Ranar da ka kawo ta gida, kafin ka sauke kowace manhaja, ka sa wa wayar makulli, ka sa wa layin kansa lambar sirri ta PIN, domin ɓarawo yakan zare layi ya sa a wata waya ya kwashe abin da ke banki kafin gari ya waye. Ka rubuta lambar IMEI a takarda ka ajiye tare da rasit, kada kuma ka adana lambar BVN ko lambar sirrin katinka a cikin saƙonni. Idan wata rana za ka kai ta gyara, ka cire layi da memori, ka tsaya a yi aikin a gabanka in da hali, domin hotunan iyalinka da na 'yan'uwanka mata amana ce a hannunka.